Gwajin kaluluwar hammata a aikin sankarar mama: a yi ma Inna aiki nan gida ko mu jira fita waje?

Ɗiyar Mabera ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda yas san harkar asibiti shi taimaka min da bayani, wlh kwana ukku ban yi barcin kirki ba.

Innarmu ce, shekarunta 54. Bayan ƙaramar salla tana wanka taj ji wani ɗan kullutu a mamanta na hagu, bai kai rabin goro ba kuma ba ya ciwo. Allah ya taimake mu ba ta ɓoye ba, ta kira ni ƙuryar ɗaki ta kama hannuna ta ɗora tac ce ke ji nan, da nit taɓa na ji shi da tauri kamar tsakuwa cikin tuwo. Munka tafi asibiti anka yi sikanin, anka sa wata allura mai kauri anka ɗebi ɗan nama anka kai gwaji, da sakamako ya fito anka ce sankara ce. Girmanta santimita 1.8. Likita ya laluba hammatarta bai ji komi ba, sikanin ma bai nuna komi a hammatar ba, yac ce mu gode Allah mun zo da wuri don ba kasafai yake ganin irin haka ba.

Tsarin da yag gaya muna shi ne za a cire kullutun a bar mata maman, kuma ranar aikin za a sa mata wani shuɗin ruwa, a bi shi har hammata a cire kaluluwa guda ko biyu a kai lab, sakamakon sai bayan kamar sati biyu. In an samu ciwon ya kai can to mai yiwuwa a sake komawa tiyata ko a haɗa da gashi, wato gasa wurin da hasken na'ura don a kashe ciwon.

To ga inda rigimar take. Yayana da ke aiki Ingila ya bugo yac ce a dakata, wai can akwai wani inji ana ce mishi OSNA da ke gwada kaluluwar tun majinyaci na kwance bai farka ba, minti talatin zuwa arba'in an san gaskiya, a gama komi a aiki guda. Yac ce a sayar da filinmu na gado a nemi asibitin waje da ke da injin. Amma kafin a samu mai saye a yi fasfo a yi biza aƙalla wata ukku. Gida ya rabu biyu, Kawu na bayan Yaya, ni da ƙanwata muna tsoron jira, Inna kuma ta yi shiru sai carbi, in an tambaye ta tac ce duk abin da kunka yanke.

Mi ne ne wanga gwaji takamaimai? Wanda ba a yi mai shi ba an cuce shi? Kuma ya kai a jinkirta aiki wata ukku dominai?

Malamin Lab ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne. Ni ba likitan tiyata ba ne, aikina sashen gwajin nama, irin kaluluwar da za a ciro wa Inna hannun irinmu take zuwa, don haka bari in faɗa miki abin da nake gani kullum.

Kaluluwa dai kin san ta, wadda ke kumbura a matsematsi in mutum ya yi tuntuɓe yatsa ya ruɓe. Ko lafiya lau mutum yake tana nan, ƙanana ne kamar wake, a hammata ɗaya akwai kamar 20 zuwa 40, aikinsu tace ruwan jiki da ke gangarowa daga mama da hannu. In sankara za ta bar mama yawanci ta wannan hanyar take bi, kuma ba ta faɗa wa duka lokaci guda, akwai ta farko da ruwan ke fara isa, kamar zaure ne, ba a shiga cikin gida sai an bi ta nan. Shuɗin ruwan da likita ya ce zai sa, aikinsa ya nuna wace ce zauren. Sai a ciro ta. In ita ba ta da komai to kusan tabbas na cikin gida ma lafiya suke, sai a ƙyale su. Tun wajen 1993 da 1994 likitoci a Amurka suka fara wannan dabara a sankarar mama, kafin nan kowace mace kwashe mata hammata ake yi.

Mu a lab idan ta zo sai mu jiƙa ta a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mu yayyanka ta faifai-faifai kaurin kamar milimita 2, mu daskarar da ita cikin kakin kyandir, a fere ta siriri fiye da fatar albasa, a rina, likitan gwajin nama ya duba a madubin ƙara girma. Shi ya sa yake cin kwanaki. Kuma ana auna abin da aka gani: in ya wuce milimita 2 babban yaɗuwa ne, daga 0.2 zuwa 2 ƙarami ne, ƙasa da 0.2 'yan ƙwayoyi ne tsiraru waɗanda ma ba a lissafa su a matsayin ciwo ya kama kaluluwa.

Shi kuma OSNA da yayanki ya faɗa gaskiya ne akwai shi, kamfanin Sysmex na Japan ke yin sa, hukumar da ke tantance magunguna da na'urori ta Ingila ta amince da shi a 2013. Shi ba ya duba da ido. Kin san GeneXpert da ake gwajin tibi da shi, maimakon a duba majina a madubi sai inji ya nemi sawun ƙwayar cutar? To kusan haka ne. Ƙwayoyin sankarar mama suna ƙera wani sinadari da ake kira CK19, ita kuma lafiyayyar kaluluwa ba ta da shi. Sai a cire kitsen da ke jikin kaluluwar a markaɗe ta a cikin wani ruwa, a sa a inji a zafin digiri 65, injin ya ninka saƙon CK19 ɗin ya ƙidaya. In bai kai 250 ba a ɗigon da ake aunawa, babu. Daga 250 zuwa 5,000 ƙaramin yaɗuwa, sama da 5,000 babba. Sai a buga waya ɗakin tiyata a gaya wa likita.

Saurinsa abin so ne ba musu. Amma ki lura da kalmar da na faɗa, markaɗewa. In an markaɗe shi ke nan babu abin da ya rage da ido zai gani. Mu nan kuwa ba sankara kaɗai ke kama kaluluwa ba, na sha ganin kaluluwar da aka turo ana zaton daji ce aka duba aka ga tibi ce, injin CK19 ba zai gaya maka wannan ba, zai ce babu kawai, a tafi gida da tibi. Haka ba ya nuna ko ciwon ya fasa fatar kaluluwar ya fita. Akwai kuma 'yan tsirarun sankarar mama da ba sa ƙera CK19 ɗin sosai, su sai su wuce injin bai gani ba.

Don haka amsar tambayarki ta biyu, a'a, wadda aka duba wa tata a madubi ba a cuce ta ba. Shi ne ma gwajin da aka auna injin da shi kafin a yarda da injin.

Hajiya ta Runjin Sambo ta rubuta:

Ɗiyata na karanta saƙonki sai da nii kuka. Jikata ka rubuta min wanga ina hwaɗi.

Ni an yi min aikin ga shekara tara da sunka wuce. Amma ni ban yi dabarar Innarku ba, na ji kullutun na yi shiru wata bakwai, kunya da tsoro, ana ta kawo min sassaƙe da turare da na shafawa, kowa da nashi, har wata ta ce min kada in yarda ƙarfe shi taɓa shi wai daji ba ya son ƙarfe. Lokacin da nit tafi asibiti hammatata ta cika, in na sa hannu ina jin su kamar ƙwallon dabino. Nan ba zancen shuɗin ruwa, anka cire maman duka anka kwashe hammata, sun ce 14 sunka ciro 6 na da ciwon. Ba laifin likitoci ba, dole ta, kuma alhamdu lillahi ga ni ina numfashi, na yi kemo na yi gashi na sha ƙwaya shekara biyat.

Amma hannun ga. Bayan kamar shekara guda yaf fara nauyi, sai awarwarona ya ƙi wuce wuyan hannu, sai zobe anka yanke shi da almakashin maƙera. Yanzu hannuna na dama ya kusa biyun na hagu, tela sai ya buɗa min hannun riga ɓangare guda. Lokacin zafi, kin dai san zahin Sakkwato watan huɗu, hannun kamar shi tsage, in kwanta sai na ɗora shi bisa matashi biyu. Ni da nika dama fura ta gidan biki yanzu ludayi ma yana gajiyar da ni. Kuma ƙaramin ƙarce in ya same shi, ko ƙayar kifi, sai shi yi ja shi ɗauki zafi in kwana da zazzaɓi, sau ukku ana kwantar da ni kan haka.

Na hwaɗa miki wanga don ki gane darajar abin da likitanku yac ce. Guda ko biyu zai cire, ba duka ba. Ni da na samu haka! Kuma abin da yas sa Innarku tas samu wagga dama shi ne hammatarta ba komi yanzu. Yanzu fa. Wa ya ba ku tabbacin bayan wata ukku haka za ta zama? Ni wata bakwai nawa su sunka ci min hannu.

Ki gaishe min da ita, ki ce wata 'yar'uwarta da ta bi hanyar ga tana yi mata addu'a, kuma kada ku bar ta ita kaɗai da tunani, shirun nan da take yi ba rashin magana ba ne.

Ɗan Illela ya rubuta:

Allah shi ba da lafiya. Ni dai a ganina uwa ta fi fili, in akwai hali a fita da ita kawai hankalin kowa shi kwanta, gobe kada a ce da mun sani. Sannan shi wanga shuɗin ruwa da za a ɗura ma mutum ba ya da illa?

Likita Basakkwace ya rubuta:

Salam. Ni likitan tiyata ne, ɗan cikin gari, ina ƙarin karatu a waje yanzu, kuma na yi aiki a inda ake amfani da injin nan. Ban ga Inna ba ban ga takardunta ba, don haka maganar ƙarshe ta likitanta ce, amma ga fahimtata.

Malamin Lab ya yi bayani mai kyau. Wuri ɗaya zan ɗan tsaya wa injin: markaɗewar nan da ya kira aibi ita ce kuma ƙarfinsa, domin yana gwada kaluluwar gaba ɗaya, shi kuwa madubi 'yan feraye kawai ake gani, ƙaramin abu zai iya ɓuya a tsakanin yanka da yanka. Kuma ya fi tsohuwar hanyar gaggawa ta daskarar da nama da sanyi a duba nan take, wadda takan tsallake ƙananan yaɗuwa. Wannan gaskiyarsa ce.

Sai dai ƙanwata, tambayar da ya kamata a yi ita ce, in an san sakamakon a cikin minti 40 me za a canza? Lokacin da aka ƙera injin, ƙa'idar ita ce duk macen da aka samu ciwo a kaluluwarta ta farko sai a kwashe sauran, to saurin yana da babban amfani, ya hana komawa tiyata sau biyu. Amma ƙa'idar ta sauya. A 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da ake kira Z0011, mata kusan 900 masu kullutun da bai wuce santimita 5 ba, waɗanda aka bar musu mama aka yi musu gashi, kuma aka samu ciwo a kaluluwa ɗaya ko biyu. Rabi aka kwashe musu hammata, rabi aka ƙyale. Bayan shekara 10 waɗanda ke raye kashi 86 ne cikin ɗari a waɗanda aka ƙyale, 84 a waɗanda aka kwashe, wato kwashewar ba ta ƙara musu kwana ba. Wani binciken na Turai mai suna AMAROS a 2014 ya nuna gasa hammata yana tsare ciwon kamar kwashewa, kumburin hannu kuma ya ragu da kusan rabi. Saboda haka a yau mace irin Inna, ƙaramin kullutu, za a bar mama, za a yi gashi, ko da sakamako ya dawo bayan sati biyu ya ce akwai ciwo a guda ɗaya, sau da yawa ba a komawa tiyata. Likitoci da yawa a nan ma sun daina neman amsar gaggawa ga irin waɗannan matan, suna jiran madubi kamar yadda za a yi muku.

Abin da Hajiya ta faɗa game da hannu kuwa, lissafi na bayanta: cikin matan da aka kwashe wa hammata kusan 1 cikin 5 ke samun kumburin, waɗanda aka cire wa ta farko kawai kusan 1 cikin 20. Babban rabon Inna yana nan, a samu likitan da zai bi shuɗin ruwa ya ciro ta farko, kuma kun riga kun same shi. Injin hanya ce kawai ta karanta kaluluwar bayan an ciro ta.

Ɗan'uwa na Illela, uwa ta fi fili ba shakka, shi ya sa ma nake cewa a riƙe filin. Jinyar nan ba ranar tiyata take ƙarewa ba. Wanda aka bar wa mama gashi wajibi ne a kansa, yawanci sati uku zuwa biyar kullum ban da ƙarshen mako. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo nan Sakkwato, akwai Shika a Zariya, akwai babban asibitin ƙasa a Abuja, ku tambaya tun yanzu ina za a yi da kuma layin da ke gabanku, domin duk maganar ƙyale hammata da na yi a sama ta rataya ne a kan cewa za a yi gashin. Sannan akwai gwajin da ni a wurina ya fi OSNA muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ne a gwada naman kullutun a ga ER da PR da HER2, wato wasu alamomi da ake nema a jikin ƙwayoyin sankarar. Shi ke faɗin irin maganin da zai ci ciwon. In ER ya nuna, ƙwaya ce irin tamoxifen ko letrozole shekara 5 ko fiye. In HER2 ya nuna, akwai allurar Herceptin duk sati uku har kusan shekara, kuma tana da tsada ƙwarai, a nan ne iyalai da yawa ke sarewa. In an cinye kuɗin a jirgi da masauki da biza, me za a riƙe a lokacin? Kada a saki reshe a kama ganye.

Jinkiri kuma ba kyauta ba ne. Sati biyu ko uku na shiri ba komai, amma wata uku wani abu ne, manyan bincike sun nuna jan tiyata na watanni yana rage damar tsira har ga masu matakin farko. Ƙiyasin 2022 ya nuna mata sama da 32,000 suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu, kuma babban dalili shi ne mafi yawa sai ciwo ya yi nisa suke isa hannun likita. Inna ta kuɓuce wa wannan da kanta ranar da ta kira ki ɗaki. Zai yi min ciwo a ce mu 'ya'yanta muka mayar da ita cikin wancan layin saboda son mu yi mata abin da ya fi.

Game da shuɗin ruwa, tambayarka tana kan hanya. Yakan sa fitsari ya yi kore ko shuɗi kwana ɗaya zuwa biyu, wurin allurar ma yakan yi tabo na ɗan lokaci, a gaya wa Inna tun kafin kada ta tsorata. Wasu ƙalilan jikinsu kan ƙi shi, masu sa barci suna shirye da wannan. Amma in irin da ake kira methylene blue ne, wanda shi ya fi sauƙin samu da araha, ba a son sa ga mai ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, domin yana iya fasa jini, kuma ƙarancin nan yana da yawa a cikinmu. Gwajin jini ne ƙarami, ku tambaya. Ku kuma faɗi duk maganin da take sha, har na gargajiya.

Ki tura wa yayanki wannan. Nesa da uwa a irin wannan lokaci akwai wuya, na san abin da yake ji, neman abin da zai yi da hannunsa yake.

Ɗiyar Mabera ta rubuta:

Jama'a na gode, Allah shi saka da alheri, Hajiya Allah shi ƙara miki lahiya, na karanta ma Inna saƙonki tun daga farko har ƙarshe, da niz zo wurin zoben da anka yanke sai tad dubi hannunta ta daɗe, sannan tac ce a gaya ma Yaya ita nan take so a yi mata, kusa da ɗiyanta. Karon farko ke nan da tab buɗe baki kan maganar.

Na tura ma Yaya bayanin Likita da na Malam, mun yi waya sama da awa guda, ya yi kuka nima na yi, daga ƙarshe yac ce a bar filin, shi zai ɗauki kuɗin gwajin ER da HER2 ɗin da na gashi. Kawu dai har yanzu bai sauko duka ba amma ya bar cewa a dakata.

Jiya munka koma asibiti da tambayoyina rubuce a takarda. Likita ya ce eh methylene blue ne, ya rubuta muna gwajin G6PD an ɗebi jinin yau da safe. Ya ce in ma shuɗin bai nuna kaluluwar ba ranar aikin, don yakan faru, to zai cire fiye da biyu, ya ce gara mu sani tun yanzu, Inna ta ce ta yarda ta sa hannu. An ba mu Litinin ta sama, za a kwantar da ita ran Lahadi da la'asar.

Hajiya don Allah in jikarki na kusa, wane irin riga ya fi daɗin sawa bayan aikin, kuma robar nan da suke cewa za a bari tana ɗigar da ruwa kwana nawa take yi kafin a cire? Ina son in haɗa mata jaka tun gobe.